Abin da Ƙofa Ta Ɓoye

Ɗaki na shida, wani lungu a Agege,
gidan Iya Bolanle mai bene ɗaya.
Talatu ta ce ƙofarta tana cizo.
Na yi dariya, na dafa ƙarfen,
dariyar ta koma inda ta fito.

Wani ya riga ni biyowa ta nan,
ko mai gaggawa, ko mai jin yunwa.
Ya cusa waya bayan firam, ba riga ba wando,
ya buga ƙusa ido rufe,
ƙusar ta shafi jan ƙarfe, ta yi kwance.
Shekara uku ƙyaure yana kai da komo,
yana taunar roba kamar akuya da ɓawon rogo.
Sai ruwa ya sauka, irin na Ikko,
wanda bango kan yi gumi,
katako ya sha har ya kumbura.

"Ai an ɗauke wuta," in ji yarona Sallau,
hannunsa har ya kai.
Na buge hannun.
Wutar garin nan ba ta sallama in za ta dawo,
kuma janareton mai ɗinki na can yana tari.
Je ka kashe daga uwa.
Ka sa testa. Sake sawa.
Malam Ladan da ya koya mini
yatsu tara ya kai kabari.

Muka ɓamɓare firam a hankali,
gara ta zubo, da tsohon tikitin molue.
Na ja layi daga makunni zuwa sama, sak,
ba kwana, ba yanke,
don wanda zai rataya kalanda baɗi
ya iya cankar inda kada ya buga.
Na sa wayar a bututu,
nesa da hanyar ƙusa,
nesa da inda ƙyaure ke matsewa.
Haɗi ba ya kwana a ɓoye.
Sai a akwati, mai murfi,
inda ido zai iya kai masa ziyara.

Talatu tana lissafi da yatsu.
Bututu kuɗi ne, ta ce, ga haya ta kusa.
Ban amsa ba.
Ɗiyarta ce ta rarrafo,
ta kama ƙafar ƙofa ta miƙe,
ta sa baki a katakon,
haƙora biyu, sababbi fil.
Uwar ta kwance bakin zani.

La'asar muka mayar da firam.
Ba abin gani. Haka aikin yake,
in ya yi kyau sai ka rantse ba a yi ba.
Amma a bayan katakon, da fensir,
na rubuta wa wanda ban sani ba:
waya na nan, taku ɗaya daga dama,
ɗan'uwa, sassauta guduma.

Muna ƙetare titin jirgi aka kawo wuta.
Unguwa ta ɗauki ihu.
Sallau ya waiga. Ni ban waiga ba.