Milimita Goma Sha Ɗaya a Rustavi

Motar mahaifina ta faɗa rami a hanyar Gori
da kwandunan tuffa a bayanta.
Tuffa ta tsira.
Gadar ƙarfen da ke goye da inji
ita ta lanƙwashe kamar haƙarƙarin tsoho.

Ran Asabar na sauka Rustavi da sanyin safiya,
na shiga maƙabartar motoci
da igiyar awo a aljihu,
da kwalin da na zana ramukan ƙusa huɗu a kai
daren jiya, ina rigingine a ƙarƙashin mota, tocila a baki.

Elguja mai filin ya tarye ni da gashin baki mai furfura,
hannunsa baƙi ƙirin da mai.
Ya ce, Tsiala, kin taki sa'a,
ga irinta can, uwa ɗaya uba ɗaya,
shekara ɗaya, launi ma ɗaya.
Ya ture wani kare da ke barci a kujerar direba,
ya daki ƙarfen da tafin hannu
kamar mai tallar saniya.

Na durƙusa cikin laka.
Na goge lambar jikinta da bakin mayafi,
na karanta harafi harafi,
na gwada da wadda ke rubuce a tafina.
Na tsakiya sun saɓa.
Na ɗora kwali: rami uku suka yi gaisuwa,
na huɗu ya kau da kai
da milimita goma sha ɗaya.

Ya yi dariya. Goma sha ɗaya?
Faɗin farcen yaro!
Mai walda zai huda miki sabo kafin shayi ya huce.

Sai na leƙa ciki na ga sitiyari a dama.
Wannan daga Japan ta ƙetaro teku,
tamu kuwa a hagu take riƙe da hanya.
Kama da wane, Elguja, ba ta wane.

Ban gaya masa uwata ce ke zama a gaba ba,
da jakarta a cinya, tana gyangyaɗi a kwanar dutse.
Ban ce masa ramin da aka huda da ƙarfin hali
shi ke fara buɗe baki ranar karo ba.
Na dai naɗe igiyata.

Layi na tara, bayan tulin ƙofofi,
wata na kwance ba gilashi, ciyawa ta fito ta fitilarta.
Tsatsa ta yi mata lalle.
Na kankare da wuƙa, fari ya bayyana.
Na bi gefe da yatsa ina neman tabon walda, babu.
Na auna kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu,
awon bai musa wa kansa ba.
Na buga guduma:
ta amsa da ƙara siririya, doguwa,
ba irin tarin ƙarfen da ya ruɓe daga ciki ba.

Rami huɗu suka haɗa ido da kwalina.

Elguja ya tsaya yana sosa ƙeya.
Ya rage lari ashirin ba tare da na roƙa ba,
sannan ya ce ko zan bar masa kwalin.

Na ce a'a.
Akwai ƙofar baya da zan nema watan gobe,
kuma bayan kwalin ba rubutu.