Yatsu Huɗu a Bangon Masauki

Sun aiko ni da igiyar awo da littafi,
wai in lissafa bulo nawa zai ci,
siminti buhu nawa, kwano bandir nawa,
in an kwantar da tsohon masaukin fatake
da ke bakin kasuwarmu, a hanyar Ɓaɓura.

Na ajiye awo a kan dakali.
Rana tana dukan ƙeya,
amma da na shiga zaure sai sanyi ya tarbe ni
kamar an buɗe bakin randa.

Da fari babu komai nan sai tsamiya da turaku.
Madugu Nadabo ya gaji da kwana cikin raɓa,
ya kafa bukka uku, ya ja danga.
Gobara ta lashe su a dare guda.
Shi ne ya kira kakana Barmo,
ya ce, gina mini abin da wuta za ta lasa ta tofar.

Kududdufin can na baya, inda agwagi ke iyo,
shi ne cikin da ya haifi ginin nan.
Daga can jakuna suka kwaso ƙasa,
aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa,
aka mulmula tubali, kowane da tsininsa,
aka jera su zaune, kai a sama, kamar masu jiran liman.
Gindin bango kamu uku,
yana hawa yana ramewa.

Azara kuwa daga fadama aka jawo ta,
giginya ce da aka tsaga gida huɗu,
gara ta ɗanɗana, ta tafi neman na banza.
Ɗaga kai ka ga daurin guga:
baka biyu sun taso daga kusurwa, sun sunkuya,
sun gaisa a tsakiya,
inda Barmo ya manna tasa mai bakin shuɗi.
Har yau tana nan. Jemage ke kewaya ta.

Ƙofar ba haka aka fara yanka ta ba.
Buzaye ne suka zo da raƙuman kanwa,
kaya ya ƙi shiga, aka ƙara mata taki guda.
Ga inda mangala ta goge gefe har ya yi santsi.

Bangon gabas ba na Barmo ba ne.
Shekarar da ruwa ya kwana bakwai, ya durƙusa,
Jatau ya tashe shi da jar ƙasa,
ga ɗinkin nan, ja ya haɗu da baƙi.
Ɗakin Tasalla mai tuwo, hayaƙi ya yi masa rini.
Na direbobi shi ne auta,
da rufin kwano da facin siminti,
facin yana ɓarewa kamar ɓawon gyambo,
don laka ba ta amsa sallamarsa.
Sai kwalta ta bi ta wani gari,
baƙi suka bi kwalta.

A ƙarƙashin alkuki, inda fitilar aci-bal-bal ta bar baƙin harshe,
na ga sawun hannu cikin yaɓe.
Yatsu huɗu.
Azara ce ta cinye wa Barmo na biyar, tun yana saurayi.
Na ɗora tafina a kai.
Ya zauna daidai,
sai ƙaramin yatsana da ya rasa masauki.

Na buɗe littafi na rubuta:
ƙasa, jaki arba'in.
Makuba, a tambayi matan da ke da ɗorawa.
Zanko biyu na neman kai.
Indararo ɗaya.

Na san za su yi dariya, su kira wani.
Amma gabas ta fara haɗa rai,
kuma indararon kudu ya toshe da sheƙar tsuntsu.
Yaro, miƙo mini tsani.