Haruffan Dalma

A wani lungu da ke gangarawa Ganga, a Banaras,
babana Kedarnat yake da ɗakin ɗab'i.
Injin hannu ɗaya mai kukan tsohon ƙyaure,
da akwatunan haruffan dalma
waɗanda na fara tsinta ina 'yar shekara tara.

Kalma ɗaya ce ta fi cinye mana haruffa:
dharma.
Baƙi biyu da 'yar ƙugiya a ka.
Ƙugiyar har ta side saboda yawan bugu.

Pandit Shibdat yakan zo da sassafe,
ruwan kogi bai bushe a wuyansa ba.
A wurinsa dharma kayan da aka haife ka da shi ne:
ɗa ya kunna wa gawar ubansa wuta,
mai kwalekwale ya tuƙa,
rana ta fito a kan ƙa'ida.
Kowane kai da gammonsa, in ji shi.
Bai taɓa biyanmu a kan lokaci ba.

Daga Sarnat Bhante Sumeda yake takowa,
kai a aske, mayafi ruwan ɗorawa.
Ya ce a cire ƙugiyar, a ninka baƙin ƙarshe,
su dhamma suke cewa.
Koyarwa ce, magani ga mai ciwon so da ƙi.
Ya dube ni ina sosa cizon sauro:
wannan ƙaiƙayin ma dhamma ne, yarinya,
da haushin da kika ji yanzu.
Duba, har sun wuce.

Shi kuwa Sumatilal mai alharini,
Bajaine ne, ba ya cin abinci in rana ta faɗi,
yana tace ruwa don kada ya haɗiye rai.
Na ɗauka tasa ke nan, kada a cuci ko kiyashi.
Ashe akwai wata.
Wani abu ne, ya ce, ba launi, ba nauyi,
ya cika duniya maƙil,
ba ya tura kowa,
amma in babu shi ba mai motsi.
Kamar ruwa ga kifi.
Baba ya tsayar da inji ya ce, maimaita.

Harbans Kaur takan kawo sanarwar ciyarwa.
Baƙaƙensu daban, sai mun aro a ƙetaren titi.
Dharam, ta ce, tana lissafin buhunan gari:
ci guminka, raba,
in an danne wani ka miƙe.

Wata rana na gaji.
Baba, wanne ne gaskiya?
Bai amsa ba sai da ya gama jera shafi,
ya sa 'yan katakai, ya ɗaure ta kowane gefe,
ya ɗaga shi sama da kaina.
Haruffa dubu, kowanne shi kaɗai,
ko ɗaya bai faɗo ba.
Tushenta, ya ce, riƙewa.
Gardamar duka a kan me ya riƙe me.

Shekarar da ya rasu ruwa ya hau matakala.
Ba shi da ɗa namiji.
Pandit Shibdat ya ce mace ba ta kunna wutar.
Ya faɗi kalmar sau uku.
Ni ma na faɗe ta, sau ɗaya,
na karɓi bakin wutar.
Bai hana ni ba. Kogi ya juya yana kallo.
Bayan kwana goma sha uku
ya aiko da kuɗin bashinsa duka a ƙulle.

An sayar da injin, an auna haruffan a sikeli.
Ƙugiyar kawai na ɓoye.
Tana cikin gwangwanin allurai,
ta side har ba ta karantuwa.
In na ɗora ta a tafi
sai in ji ta fi girmanta nauyi.