Ɗinkin Ciki

A Gaziantep, bayan layin maƙeran tagulla,
inda guduma ba ta barin kunne ya huta,
akwai shago mai faɗin tabarma uku.
Nan Usta Hilmi ya dubi ƙafata kafin ya dubi fuskata.
Daga Halab na taho, da silifa ɗaya da rabi.
Ya ce, "Zauna, Gassan. Wanke hannunka.
Maiƙon hannu magabcin rini ne."

Fata biyar ke shiga takalmi guda, in ji shi:
ɓauna a ƙasa, don ita ta san duwatsu,
akuya a sama, tunkiya daga ciki saboda laushi,
sa a shimfiɗa, ɗan akuya a baki.
"Kada ka yanki fuskar takalmi daga wajen tumbi,
tumbi ya saba miƙewa tun dabbar tana kiwo.
Nemi gadon baya.
Ja ta, ka ji inda take ba da kai,
kana ka ɗora wuƙa.
Wuƙar ma wasa ta, ko da jiya ta yi aski,
dakusasshiya ita ke cin yatsa."

Ranar rini ya ɗaure mini gaggawa.
"Jiƙa ta tukuna, danshi kaɗan, kamar bayan yayyafi.
Busasshiyar fata haɗama gare ta,
ta sha nan, ta bar can, ta fito dabbare-dabbare.
Ɓawon rumman don rawaya,
tsatsar ƙusa cikin ruwan tsami don baƙi.
Ja kuwa, shafa uku marasa kauri
sun fi ɗaya mai nauyin hannu.
Gwada a guntu kafin ka taɓa babba.
Shanya a inuwa."

Ban ji ba.
Na kai ta kan rufi, rana na tsaka,
kafin la'asar ta zama ƙanzo.
Bai ɗaga murya ba. Ƙusa ya nema,
ya rataye ta daidai saitin idona.
Shekara guda muna gaisawa da ita.

"In za ka buga ado, yayyafa ruwa,
ka jira launinta ya fara dawowa,
sanyin na nan, sheƙin ya tafi.
Dutse a ƙarƙashi, ba katako ba.
Bugu ɗaya!
Na biyu inuwa yake haifa wa fure."

Sai ɗinki.
Zaren auduga, a bi shi da kakin zuma
har ya yi ƙara tsakanin yatsu.
Basilla ta buɗe hanya, allura biyu su gitta,
ta dama kullum ita ce gaba;
ka sauya sau ɗaya, layin zai tona maka asiri.
Ja daidai, kada fata ta tattare.
Ba a ƙulli a ƙarshe,
koma baya huji uku, ka datse.
A bai-bai muke ɗinka shi,
mu jiƙa, mu juye da sanda,
ɗinkin ya shige ciki, inda ba mai yaba masa.

Bakin kuma a fere, a goge da ƙashi
har ya yi zafi, har ya yi santsi.
Mai ɗan kaɗan, a tsumma, ba a fata ba.
"Ka ƙara gobe in ta nema.
Wanda ka zuba ba ya dawowa kwalba."

Yau shekara tara.
Hannunsa na rawa, idonsa ya yi hazo,
ni nake zura masa zare.
Jiya na miƙa masa jan takalmi,
mafi kyan abin da na taɓa yi.
Bai juya shi ga haske ba.
Yatsa ya zura ciki, yana bin layin
kamar mai jan carbi.
Ya tsaya. Ya koma. Ya kurɓi shayi.

"Huji na goma sha bakwai," in ji shi.
"Warware."