Kofi Biyu a Ɗaki na Huɗu

Ɗaki na huɗu, hawa na biyu, asibitin unguwa a Leicester.
Kujera biyu, agogon bango, da kwalin takardar share hawaye
da aka ce in ajiye kusa da hannun baƙo, kada in miƙa.
Wata na bakwai ke nan ina koyon saurare.

Littafinmu ya ce: dubi ƙwayar idon mutum, shi ma ya dubi taka,
wanda ya sunkuyar da kai akwai abin da ya binne.
Na ja layi ƙarƙashin wannan da jan biro,
ni da kakata 'yar Montserrat ta taɓa murɗe wa kunne
don na zuba mata ido tana magana.
Na dai ja layin. Jarrabawa ba ta san kaka ba.

Selvaratnam, tsohon direban bas,
rigar sanyinsa ta rasa maɓalli ɗaya,
mako uku yana hira da takalmina.
Kullum da asuba, in ji shi, yakan dafa shayi kofi biyu,
ɗaya nasa, ɗaya na Thangam.
Ya ajiye gaban hotonta, ya gaya mata kuɗin albasa
da zancen jikan da ya ƙi koyon Tamil.
Thangam ta shekara biyu da rasuwa.

A fom akwai wani ɗan akwati: ya kasa karɓar rashi.
Bakin birona ya yi ta shawagi a kansa
kamar ƙuda a bakin kwano.

Mu goma sha ɗaya ne a aji, ni kaɗai baƙa.
Cikin karatun shekara uku, yammaci ɗaya aka ware wa al'adu,
aka raba biskit,
aka juyo gaba ɗaya ana kallona
sai ka ce ni ce ƙamus ɗin duk wanda ba Bature ba.
Me na sani game da Jaffna?
A layin bayan kasuwa aka haife ni, tafiyar minti goma daga nan.

Akwai kuma matar da ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tana jiran likita.
Na ce ni ce za ki gani.
Minti hamsin jakarta na rungume a ƙirji.
Ran Alhamis malama Rosalind ta cire tabarau, a tausashe:
Marva, me wannan ya tayar miki?
Na ce, malama, bai tayar da komai ba,
abin da ma bai taɓa barci ba.
Ta rubuta wani abu. Ban ga ko mene ne ba.

Mako na huɗu na kife fom a cinya.
Na ce, sukari nawa take sha?

Agogo ya yi tafiya mai nisa.
Sannan ya ɗago, karon farko na ga idonsa, ja ne, ƙanana.
Cokali biyu, ya ce. Likita ya hana,
amma yanzu wa ya isa ya hana ta?
Ya yi dariya har ta karye a tsakiya.
Ban miƙa kwalin ba, shi ya jawo.

Ashe ba shayi ne ciwon ba.
Ɗansa ne ke son ya sayar da gidan ya koma wurinsu Reading,
ɗaki mai kyau, ban ɗaki a ciki,
sai dai surukar ta ce hoto da turare ba sa shiga.
In na tafi, ya ce, wa zai dafa mata?

Ban da amsa. Littafin ma ba shi da ita.
Muka zauna, ruwa na dukan taga.

Na bar akwatin fayau.
Ran Litinin fom ya dawo daga ofis
da 'yar rawayar takarda manne a goshinsa:
saura guri ɗaya ba ki cike ba.