Na Gan Ka Sarai

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo a Takuwarembo,
rabin katangun unguwar tashar jirgi hannuna ne.
Yanzu yana ta rufe mini ido biyu.
Likita ya ce sai Maris za a kankare,
sai na jawo kujerar ƙarfe bayan gida,
ƙoƙon shayin mate a tafina yana huci,
na zauna koyon wani irin gani.

Maite, jikata, shekararta tara,
ta yage shafukan lissafi daga littafinta don mu sami wuri.
Mun raba aikin ba gardama:
ni in kama kuka, ita ta kamo launi.

"Kaka, wannan cikinsa ruwan ƙwai,
ya ɗaure ido da baƙin ƙyalle kamar sabon ɓarawo."
Na ce bar shi ya yi magana tukuna.
Ya buɗe baki daga kan wayar lantarki: ben-te-beyo!
Wato na gan ka sarai.
Maite ta yi dariya har fensir ya faɗi cikin ciyawa.
Na ce ji ɗan banza, ya san inda miki yake,
ya biyo ni har gida yana mini gorin gani.

Kotorra ba sai an leƙa ba.
Korayen aku, sun fi ɗari a bishiyar turare guda,
sheƙa ɗaya ƙofa goma, kowa na faɗa ba mai saurare,
kamar taron ƙungiyarmu ranar rabon kuɗi.
Delmira ta sha jifansu saboda masararta.
Ta tafi, masarar ta bi ta,
su suna nan, suna cin sunanta a kunnena wuni-wuni.

Kalandiriya kuwa sau uku tana kayar da ni.
Muryar aro gare ta, yau ta wannan gobe ta wancan,
in faɗi suna da ƙarfin hali, yarinya ta rubuta,
ta ɗaga kai, ta goge, ba ta ce mini komai ba.
Shirun nan ya fi zagi zafi,
amma da shi na san iyakar abin da na sani.

Wanda nake tashi da asuba dominsa shi ne ornero, mai tanda,
launin ƙasa, ba ado, tafiya kamar mai duba fili.
An yi ruwa daren Talata, Laraba suka fara,
shi da matarsa, laka a baki, da ciyawa da kashin doki,
a kan turken shingen Anselmo.
Ba igiyar awo, ba cokali, ba ɗan kwangila mai riƙe lada.
Tsofaffi sun ce ba ya taɓa laka ran Lahadi.
Muka yi gadi, ita da ido, ni da kunne:
ya yi aiki har rana ta karkata.
Haka ni ma na riƙa yi, ina ce wa Delmira ɗan gyara ne.
Magini ba ya ɓuya ga magini.

Wata safiyar Satumba wani ja ya gilma cikin madarar idona,
garwashi guda ya tsaya kan shinge.
Na riga ta: "Currince ya dawo!"
Ta rubuta, ta ja layi biyu ƙarƙashi,
ta ƙara a gefe: kaka ne ya gani.

Da 'ya'yan ornero suka tashi, gidan ya zama kango,
ta ja hannuna ta bi da ni ta cikin ƙaya, ta ɗora shi a kai.
Na shafa bayansa, na ƙwanƙwasa, ba tsaga ko ɗaya.
Na zura yatsa ta ƙofa, bango ya murɗe ciki kamar katantanwa,
don iskar kudu ta zo ta rasa hanya.
Na daɗe tsaye.
Daga waya ɗan banzan ya sake kira,
na ɗaga masa hula, ban cire ɗaya hannun ba daga gini.