Layin Tantancewa

Sau ɗaya a shekara gwamnati kan so ta gani
ko har yanzu muna numfashi.
Sai mu saka rigar sanyi, mu rungumi fayil,
mu nufi sakatariya tun Jos ba ta wanke ido ba.
A nan 'yan ajinmu na Gindiri ke haɗuwa,
ba goron gayyata, ba kuɗin ƙungiya.

Ga Pwajok can, ya riga kowa,
shi da sai an rufe ƙofar aji yake isowa.
Ya ce barci ya yi masa yaji
tun ranar da aka binne Kachollom.
Dankali yake nomawa yanzu a Kuru,
rabi nasa, rabi na tsutsa.

Ladidi ta zo da sanda da jika,
jikan na riƙe da jaka, sandar na riƙe da ita.
Ta sauke farali bara, ta dawo da haƙorin Makka,
shi ya sa dariyarta ta ƙaru, in ji Tanimu.
Ta ce, kai rufe mana baki, naka nawa suka rage?
Ya ƙirga da harshe, ya ce, sun isa shan gwate.

Shi Tanimun, kuɗin sallamarsa kaf
ya zuba a kaji, dubu da ɗari biyar.
Mura ta bi ta kansu cikin kwana shida.
Ya share ɗakin, ya shafa farar ƙasa,
ya zuba ɗalibai 'yan haya.
Ya ce su ma suna da ci da surutu,
amma dai ba sa mutuwa.

Nanribet ya ciro waya yana nuna mana jikoki,
uku, cikin ƙanƙara, a wata ƙasa mai nisa.
Ba sa jin Angasanci, ba sa jin Hausa.
Ranar Lahadi sukan ɗaga masa hannu,
shi ma ya ɗaga, har kati ya ƙare.

Sai Ishaya.
Shekara uku gadonsa na bisa nawa,
na san tarinsa, ya san minsharina.
Daga gidana a Gangare zuwa nasa a Jenta
ko shayi ba zai huce a hanya ba,
amma tun shekarar da gari ya kama da wuta
ba wanda ya taka ƙofar wani.
Ya kama hannuna da hannu biyu,
ya ce, ina Inna, tana nan da ƙosanta?
Na ce, Ishaya, shekararta tara a ƙasa.
Bai saki hannun ba
har layi ya matsa ya bar mu.

Wajen azahar akawu ya kira Hanatu Dawam.
Ya sake kira. Ya kira na uku.
Muka duƙar da kai muna gyaran takardu.
Pwajok ne ya ɗaga hannu kamar a aji,
ya ce, ba ta zo ba, Malam.
Yaron bai gane ba, ya ja layi da jan biro.

Da aka zo kaina na'ura ta ƙi ni.
Na dangwala, na goge a riga, na sake dangwalawa.
Shekara talatin da biyar alli na cin yatsan nan,
bai bar zanen da za a karanta ba.
Yaron ya ce, Baba, kwamfuta ba ta gan ka ba.
Ladidi ta buga sanda a ƙasa:
rubuta yana raye, ni ce shaida,
naira biyu nake binsa tun tamanin da ɗaya,
kuma ba inda za shi sai ya biya.

Muka fito rana ta karkata kan duwatsu.
Ba wanda ya ce sai baɗi.
Tanimu ya saya mana masara gasassa,
muka tsaya bakin titi da ita a hannu
muna dubanta, muna dariya.
Ishaya ya ce, keken Gangare ta wane gefe ake hawa yanzu?